Suman Silima a Kurmin Kogi

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har sunayen jikokina sai na jero na wasu kafin in faɗo kan wanda nake kira, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na suma a Kurmin Kogi ba. Da gangan fa na suma. Ba ciwo, ba yunwa, lafiyata ƙalau, na duba wuri na zaɓa na faɗi.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai. Ni 'yar Makarfi ce, amma a lokacin ina zaune a Sabon Garin Zariya wajen yayata, wadda mijinta ke aikin reluwe. Na gama makarantar horon malamai, ina jiran a tura ni inda zan koyar, kai ya cika da iska, ina ganin duk ƙasar Zazzau babu wayayya kamata. Gidan da suke haya yana bayan wani gidan silima, irin na da wanda ba shi da rufi. Mace mai mutunci ba ta shiga silima a wancan zamani, ni ma ban taɓa shiga ba. Hawa nake yi. Da na gama wanke-wanken yamma sai in taka turmi, in taka katanga, in zauna a kan rufin madafa. Daga nan ana hango bangon da ake haska fim, ban da kusurwa ɗaya da mangwaro ya tare. Magana ba ta isowa sosai, wadda ta iso ma ta hanci ce, Turancina na makaranta ba ya kama ta, don haka da ido na yi karatuna.

Finafinan leƙen asiri su suka shiga raina, kuma na lura mata iri uku ne a cikinsu. Akwai ta ofis, mai buga tafireta, wadda aikinta ta miƙa wa jarumin hularsa ta bi bayansa da kallo. Akwai wadda ake ɗaurewa a kujera ta yi ta ihu har a zo a kwance ta. Waɗannan biyun ban ɗauke su a bakin komai ba. Ta ukun ita ce tawa: doguwa, da baƙin tabarau, da sigari a dogon bututu, tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Ba ta gudu, ba ta faɗa, ba ta ma cika magana ba. In tana son sanin inda aka ɓoye wani abu, sai ta je gaban namijin da ya sani, ta ɗora bayan hannu a goshi, ta yi luu za ta faɗi. Kafin ta kai ƙasa ya tare ta, ya ɗauke ta cak, ya kai ta har ɗakin da ake ɓoye-ɓoyen. Yana juya baya neman ruwa sai ta buɗe ido ɗaya ta gama ganin komai.

(Abin da ban sani ba shi ne yadda take ƙarewa. Ban taɓa ganin ƙarshen fim ko ɗaya ba, domin kullum ana tsakiya Yaya za ta ƙwala mini kira in sauko kafin mijinta ya dawo. Sai da na manyanta na gane cewa ita mai tabarau ɗin ba ta cika kaiwa ƙarshen fim da ranta ba.)

Ana nan sai aka sa bikin Sule, ɗan baffana, da wata yarinya Talatu 'yar Kurmin Kogi a ƙasar Ikara. Na taho gida Makarfi, aka sa ni cikin matan da za su je kamu. Ga wanda bai san yadda muke yi ba: ranar kamu ƙawayen amarya sukan ɓoye ta a wani gida cikin gari, mu dangin ango mu zo mu nema. In mun gano ta da kanmu muka yayyafa mata turare, mun yi nasara. In rana ta yi sanyi ba mu gano ta ba, sai mu durƙusa mu roƙa, a yi ciniki, sannan 'yan mata su yi mana waƙar zambo. To cinikin ba shi ne abin tsoro ba, waƙar ce. 'Yan matan Kurmin Kogi suna da wata shugaba, Kande, wadda in ta sa sunanki a waƙa sai dai ki mutu ki bar shi. Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu da ke jagorancinmu, ta taɓa ɗanɗanawa a wani biki a Furana. An yi wa girman ɗaurin ɗankwalinta waƙa, kuma har lokacin in mata suna niƙa ana rera ta.

A bayan motar rake muka tafi, Gwaggo ta yi tagumi tun daga Makarfi. Ni kuwa bakina ya ƙi zama lafiya. A gaban mata duka na dafa gwiwarta na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Ni zan nemo ta kafin la'asar. In na kasa, sunana za a sa a waƙa, ba naki ba."

Ta tambaye ni ta yaya, ni da ban taɓa taka garin ba, ban ma san fuskar amaryar ba. Na ce mata akwai yadda ake irin wannan aikin a ƙasashen waje. Ta dube ni ta ce Allah ya sa mu ji alheri. Wannan alkawarin nawa bai jira ni ba, kafin mu gama shan ruwa a masauki ya riga ya isa kunnen Kande.

Na zagaya bayan rumbu na shirya. Tabarau na direban motar ne, na roƙe shi aro, ƙafarsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Takalmi mai tsini na Yaya ne, na ɗauko ba ta sani ba, ya kuma yi mini yawa. Na lafta janbaki, na karkata ɗankwali ya rufe rabin goshi. Sigari kam ban isa ba, Gwaggo sai ta karya ni, sai na feƙe sillen kara na saƙala tsakanin yatsu. Na duba kaina a madubin mota, wallahi na burge kaina. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa mai leƙen asiri so take kada a lura da ita, ni kuwa na yi shigar da ko akuya sai ta ɗaga kai.

Na fito ina rangwaɗa. Tsinin takalmin yana nutsewa a rairayi, kowane taku sai na ciro ƙafa na koma na ciro takalmi. Wata mata ta hango ni daga bakin ƙofa ta ja 'ya'yanta ciki da sauri, ashe an ɗauka malamar asibiti ce ta zo yi wa yara lamba. Nan da nan lungu ya zama wayam, sai idanu ta saman danga. Wani dattijo a gindin ɗurumi ya yi mini sannu cikin tausayi, ya yi addu'a Allah ya ba da lafiyar ido, har ya tambaya ko a samo mini ɗan jagora. Na gyaɗa masa kai a hankali irin na mai tabarau, na wuce, shi kuma ya ƙara yi mini sannu.

Wajen wata mai fura na sami labarin da nake so. Ta ce wan amarya, Ɗanjuma, yana can ƙofar gidan kakarsu Iya Tabawa yana shan rake tun hantsi. Yanzu fa ku duba. Mai hankali in ya ji wan amarya ya bar hidimar gidansu ya je ya tare ƙofar gidan kaka tun hantsi, ai ya gama gano inda amarya take. Da na juya na gaya wa Gwaggo, da ta ɗauko turarenta an gama, da ni ce gwanar biki. Amma a fim ba haka ake yi ba. A fim sai an suma.

Na same shi a kan kututture, saurayi siriri mai kunya, wuƙa a hannu, gabansa tulin ɓawon rake da wanda aka tauna aka tofar. Niyyata kada in gaishe shi, don ban taɓa ganin mai tabarau ta gaida kowa ba. Shi ya riga ni. Ya miƙe ya sunkuyar da kai ya shiga jero gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, yaya hanya, yaya aka baro mutanen Makarfi. Ashe har ya san daga inda nake. Bakina ya ci amanata, na ji ina amsawa lafiya lau, lafiya lau, sai dai na yi ƙoƙarin fitar da ita ta hanci. Ya tambaye ni ko mura nake yi.

Na ga lokaci ya yi. Na matsa kusa, na auna tazarar da ke tsakaninmu, na ɗora bayan hannu a goshi, na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, na saki jiki gaba ɗaya zuwa inda hannayensa suke.

Ɗanjuma ya ja da baya.

Ba mugunta ba ce, tarbiyya ce. Ɗan gidan mutunci, da rana tsaka, a ƙofar gidan kakarsa, baƙuwa ta taho luu za ta faɗo masa, me kuke so ya yi? Ya yi salati ya matsa gefe ya ba ni hanya, har da janye rakensa kada in danne. Na tafi tim a kan tulin ɓawon nan, gefen fuskata ya sauka a kan abin da aka tauna aka tofar. Ƙashin kwankwasona ya amsa. Na so in yi ƙara, na tuna sumammiya ba ta ƙara, na cije.

Wurin da aka zubar da ɓawon rake tun hantsi kuwa yana da masu shi. Cinnaku suka fara da wuyana, suka gangara baya. Ina kwance ina jin Ɗanjuma yana kiran kakarsa, wai su fito baƙuwa ta faɗi. Wata ta leƙo ta tambaye shi me ya hana shi ɗaga ta, ya ce 'yar mutane ce, ina shi ina taɓa ta. Har yau in na tuna muryarsa, da ladabi ya faɗa.

Mata suka fito suka ɗauke ni, ba cak irin na fim ba. Wannan ta kama hannu, waccan ta kama ƙafa, ana jijjiga ni kamar buhun gero, takalmi ɗaya ya faɗi a hanya, kaina ya gaisa da bakin ƙofar zaure. Aka wuce da ni tsakar gida, aka shige har ƙuryar ɗakin Iya Tabawa, aka shimfiɗe ni a tabarma. Na buɗe ido ɗaya a hankali, ban ga komai ba, baƙin tabarau a ɗaki mai duhu. Sai da wata ta zare mini shi na sake gwadawa. Can bayan gado, ga wata a lulluɓe da sabon zane, 'yan mata sun kewaye ta, tana ciro hannu tana ɗibar gyaɗa. Amarya! Dabara ta ci, saura su fita neman ruwa in tashi in ruga wajen Gwaggo.

Nan ne fim ya rabu da Kurmin Kogi. A fim in mace ta suma, ɗaki yakan zama ba kowa. A garinmu in mace ta suma, unguwa ce ke tahowa. Ɗaki ya cika, tsakar gida ta cika, har waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu ɗazu sun zo da su a goye. Ruwan ma babu wanda ya fita nemansa, randa tana nan a ɗakin.

Iya Tabawa, tsohuwa 'yar ƙarama mai hannu kamar ƙarfe, ta durƙusa a kaina ta yi bincike. Ta duba jan bakina, ta ɓamɓare sillen karan da na ƙanƙame, ta ji daga bakin jikanta cewa ta hanci nake magana kafin in faɗi. Ta ce ba sai an je da nisa ba, iska ce, yarinyar ta biyo ta gindin tsamiyar bakin rafi da rana tsaka. Mata suka yi ta Allah sarki.

Aka fara da ruwan randa, ƙwarya guda a fuska. Na daure. Aka ja babban yatsan ƙafata har ya yi ƙara. Na daure. Aka daka tafarnuwa aka cusa mini a hanci, hawaye suna zuba ta gefen ido, wata ta ce kun gani, aljanin yana jin jiki, ya fara kuka. Cinnaku kuma suna can suna aikinsu a cikin riga. Duk wannan lokacin ina ta lissafi a zuci: in na tashi yanzu na ce na warke, za a tsare ni da tambaya, in na ce da gangan na yi, sunana ya shiga bakin Kande, wadda nake jin muryarta a bayan gado tana ba da shawarar a ƙara tafarnuwa. Na ce bari in ƙara haƙuri kaɗan, ai za su gaji.

Iya Tabawa ba ta gajiya. Ta sa aka kawo kasko da garwashi, aka zaunar da ni, mata biyu suka riƙe kafaɗuna, aka lulluɓe ni da kaskon a cikin gwado. Na ji ta watsa wani abu a wuta. Barkono ne, jama'a, busasshe. Ta dafa kaina ta saman gwadon, ta yi magana da murya mai kauri, ba da ni take ba, da wanda take zaton yana jikina.

"Kai wane ne? Me ka zo nema a jikin 'yar mutane?"

Na riƙe numfashi iyakar ƙarfina. Sai atishawa ta ƙwace, tari ya biyo, hanci da ido suka ɓalle. Iya ta sake tambaya, ta ce ba za ta buɗe ba sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni kuwa da muryata ta Makarfi tsantsa, babu hanci babu Turanci, na kurma ihu:

"Amarya! Amarya na zo nema, Iya! Ku buɗe ni, don Allah!"

Iya ta ɗaga gwadon ta leƙo ni, ta juya ta dubi matan cikin mamaki na gaskiya, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin aljanin da ya zo kamu ba. Daga bayan gado wata dariya ta fashe, ta Kande. Amarya ma ta yaye lulluɓi tana riƙe ciki, gyaɗa tana zuba daga bakinta. Dariya ta fita tsakar gida, ta fita zaure, na ji ta har ƙofar gida. Kunya irin ta ranar ban sake jin kamarta ba, da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Na yi ƙoƙarin ceton abin da ya rage. Na miƙe ina tari na nuna Talatu na ce ai dai na gano ta, kuma la'asar ba ta yi ba. Kande ta tambaye ni ina turaren. Turare yana jakar Gwaggo a masauki. Kande ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa, ta ce an zo kamu an kama mai kamu, a aika wa dangin ango su zo su fanshi mutum biyu.

Gwaggo Ladi ta iso da sauran matanmu. Ta tsaya ta ƙare mini kallo: jiƙe sharkaf, janbaki ya kai kunne, ɓawon rake a gashi, takalmi ƙafa ɗaya, ina warin tafarnuwa ina sosa baya. Ta zauna ta yi cinikin amarya cikin mutunci aka gama. Da aka zo kaina sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Amarya muka zo ɗauka. Wannan ku riƙe, Allah ya amfana." Sai da matanmu suka roƙe ta sannan ta yarda aka fanshe ni da ɗan goron da ya rage a bakin zanenta. Tabarau kuwa Iya ta hana, ta ce ko babu iska a jikina akwai a jikinsa, direba ya yi ta fushi da ni har Makarfi.

Ba mu bar garin ba sai da waƙa ta fito, da tafi da amshi:

Ta Makarfi mai idon kwalba,
Ta taho luu ba mai tarewa.

Sunana yana baiti na gaba, ba kuwa zan faɗa muku ba. Na yi kuka a bayan mota har muka wuce Ikara. Gwaggo ce ta ba ni haƙuri, fuskarta fes, ta ce in daina kuka, ai na cika alkawari. Gaskiyarta kuwa, daga ranar ba a sake rera waƙar ɗankwalinta ba, tawa ta maye gurbi. Da aka tura ni koyarwa Kudan na yi murna, na ce nan dai ba a san ni ba. Ranar farko ina juya baya zan yi rubutu a allo na ji ana rera ta ƙasa-ƙasa daga bencin baya. Ɗanjuma kuma, Allah ya jiƙansa, har ya tsufa in muka haɗu a suna ko biki sai ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ɗan matsa gefe.

Yanzu jikata takan kunna mini irin finafinan nan a waya. Abin ya canza. Mai leƙen asirin mace ce, ita ke gudu a kan rufi, ita ke dukan ƙarti, wata ma ita ce shugabar ofis ɗin, namiji ke miƙo mata waya. Rannan yarinyar ta ce mini wai matan finafinan da ba su iya komai ba sai suma. Na ce mata ta yi a hankali, suma ma aiki ne, ba kowa ke iya shi ba. Ta ce ina na sani, na ce a makaranta aka gaya mana.

Bara na je wani biki a Ikara, ina zaune a tsakar gida sai na ji 'yan yara mata suna tafa hannu suna rera waƙar tawa, kalma ba ta ɓace ba sai sunana da ya lauye ya koma wani abu daban. Na kira ɗaya na tambaye ta wace ce wannan mai idon kwalba. Ta ce wata Baturiya ce da aljani ya kama a zamanin da. Na ce Allah sarki, baiwar Allah, na ba ta alewa ta tafi.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In za ki kwaikwayi mutum, ki daure ki ga ƙarshen fim ɗinsa. In kuma suman ya zama dole, ki fara tambaya ko mutumin ɗan gidan mutunci ne, sannan ki duba ƙasa.